Dalma A Ƙarƙashin Gado

Mai karatu, in ka taɓa cin kasuwa a yankin Anka, ko Nasarawar Burkullu, ko Daki Takwas har zuwa Gummi, mai yiwuwa ne ka ga wata tsohuwar bas fara, ƙirar Toyota Hiace wadda muke kira Hayis, da faifan sola ɗaure a samanta, wayoyi na reto ta taga kamar an shanya taliya. To ni ne mai ita. Mutumin Bagega ne ni, can aka yanke mini cibi, can iyalina suke, amma in za a bi gaskiya kwanan da nake yi a cikin motar nan ya fi wanda nake yi a ɗakina. Sana'ata cajin waya da tura finafinai da karatu, sai 'yan caza da batiran waya da nake sayarwa. Tun 2016 na cire kujerun baya, kafinta ya buga mini gado na katako da akwati a ƙarƙashinsa, na sa labule, na rataya fanka da ƙwai biyu. Kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki, ba a tafiyar dare, duk garin da la'asar ta riske ka nan za ka kwana. Saboda haka motar nan ita ce shagona, ita ce masaukina, wani lokacin ma ita ce kicin.

Mota irin wannan batir biyu gare ta. Akwai na tayar da inji, wanda kowace mota take da shi, akwai kuma wanda ni na raɗa wa suna batirin ɗaki. Shi ke ba ni haske, shi ke juya fanka, shi ke cika wayoyin mutane, wato dai shi ne jarin. Mazauninsa cikin akwatin nan na ƙarƙashin gado, daidai inda nake aza kaina.

Farkon shigata harkar na yi wauta irin ta sabon shiga. Na je na sayi ƙaton batirin babbar mota, ina ganin tunda yana tayar da gingimari ai wayoyi arba'in ba za su gagare shi ba. Ganin kitse na yi wa rogo. Bai rufa wata bakwai ba ya soma kasawa, kafin sallar isha'i ƙwan fitila ya yi ja. Na ɗauke shi na kai wa wani dattijo mai gyaran batir a Gusau, ina huci ina cewa an cuce ni. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ba wanda ya cuce ka. Doki ka saya, ka ɗora mishi kayan raƙumi."

Ya zaunar da ni a kan benci ya yi mini karatun da har yau nake cin moriyarsa. Ya ce batirin tayar da mota, farantan da ke cikinsa sirara ne masu yawa, an yi su don su ba da wuta mai ƙarfi ta 'yan daƙiƙu, inji na kamawa sai altaneta ta mayar masa da abin da ya kashe. Sukuwa ya iya, ba doguwar tafiya ba. In ka riƙa tatsar sa kullum har ƙasa, farantan sai su zube. Shi kuwa batirin da ake sa wa sola, farantansa masu kauri ne, ba ya sauri amma yana jure a ja shi a hankali dare guda, gobe a cika shi, jibi a sake. Ya ce amma ko raƙumin ma yana da ƙa'ida: kada ka taɓa cin fiye da rabin abin da ke cikinsa. In an rubuta amfiya 100 a jikinsa, to 50 ne naka, sauran 50 na ransa ne.

Shi ya sa na sayi 'yar mita, ya koya mini karanta ta. In batir ya huta na wasu awoyi, ba a caji ba a jan wuta, ka ga 12.7, to a cike yake. In ka ga 12.2, ka kai rabi, ka kashe fanka ka yi fifita da kwali. In ya sauka ƙasa da 12, ka soma cin amanarsa. Wajen caji kuma yana son a kai shi 14.4, a riƙe shi nan na ɗan lokaci, da wutar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na girmansa ba, wato amfiya 10 ga mai 100. Ya ja mini kunne a kan ruwa: in ya ragu a ƙara tataccen ruwan batir kawai, ban da asid, ban da ruwan rijiya ko na leda. Na biya shi kuɗin shayi na tafi, na sayi batirin sola mai amfiya 100. Wannan batir ya riƙe ni amana, ni ma na riƙe shi, har abokan sana'a suna yi mini tsiya wai na fi duba lafiyarsa a kan tawa.

Abin da ya raba mu shi ne shekarar 2021. A farkon watan Satumba gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako a Zamfara, aka kuma katse layukan waya a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga. To mai cajin waya, ba kasuwa ba sabis, me ya rage masa? Na kai mota gidan wani ɗan'uwa a Anka na jingine ta cikin rumfa, na lulluɓe da tamfol har da faifan solar, don kada ta ja ido. Rannan hankalina ba ya jikina, ban tuna cewa batirin bai cika ba, ban kuma cire masa waya ba. Kusan wata uku yana zaune da yunwa. Batirin dalma kuwa ba abin da ya ƙi jini irin a bar shi a sauke. Wani gishiri ne yake kwanciya a kan farantan duk lokacin da aka ja wuta, in an yi caji da wuri sai ya narke ya koma, in aka bar shi makonni sai ya daskare kamar kanwa, ya toshe wurin har abada. Ga zafin ƙasarmu da ke sa batir ya riƙa zubar da cajinsa ko ba a taɓa shi ba. Da aka buɗe layuka na dawo na yaye tamfol, mita ta nuna mini goma da 'yan kai. Na san na yi kisan kai.

Ya farfaɗo, amma bai koma daidai ba. Sai ya zama kamar tulun da ya cika da laka: nan da nan ya nuna ya cika, nan da nan ya ƙare. Na riƙa lallaɓa shi da tayar da inji, in bar mota tana aiki a tsaye rabin awa, awa guda, ina yaudarar kaina wai ina caji. Alhali ƙarshen cikar batirin dalma a hankali take shiga, awoyi take ci, rabin awar nan ba ta kai shi ko'ina sai ƙona mai. Da man yana da sauƙi ban damu ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce an cire tallafin mai, farashi ya yi tashin gwauron zabo, wannan dabara ta mutu. A watan Agusta na shekarar, ana kwana biyu hadari bai bar rana ta fito ba, na karɓi wayoyi talatin da 'yan kai a wata kasuwa, kafin magariba komai ya ɗauke ɗif. Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina mayar musu da kuɗinsu da wayoyinsu a mace. Wani tsoho da ya taso daga ƙauye don ya kira ɗansa bai ce mini komai ba, ya dai dube ni ya sa wayarsa a aljihu. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na dawo Bagega na sauke gawar batirin, na ajiye ta a tsakar gida gindin bango, da nufin in na samu mai saye in rage asara. Kwana biyu yana nan. A rana ta uku wani saurayi ɗan gwangwan ya yi sallama, na shigo da shi ya gani. Muka tarar da autana, ɗan shekara uku, ya durƙusa yana kankare farin garin nan da ke taruwa a kan batir da tsinke. Ban ɗauke shi komai ba, na dai ce ya tashi. Saurayin ya ɗaga batirin ya jijjiga, ya yi murmushi ya ce, "Wanga shina da nauyi, Alhaji. Ni ba ruwana da ya mutu ko bai mutu ba, dalmar ciki nika so. Yanzu in fasa shi in zubar da ruwan, in narke ta."

Uwargida tana bakin murhu. Sai na ji muciya ta faɗi. Ta taso ta ce, "Mi yac ce? Mi ad ciki?"

Yaron ya maimaita, shi bai san dawan garin ba. Ba ta ƙara magana ba. Ta fizgi autan ta kai shi bayan ɗaki, ta wanke masa hannu da sabulu har sau uku, yana kuka tana kuka. Sa'an nan ta dawo ta tsaya a gabana ta ce, "Malam, shekara bakwai kana kwana da kanka bisa dalma, ka kuma kawo muna ita cikin gida? Cikin gidan ga?"

Wanda ba ɗan yankinmu ba zai ce abin bai kai ya kawo ba. Bari in gaya maka abin da kalmar nan take nufi a Bagega. Lokacin da zinariya ta yi daraja, kusan kowane gida ya shiga harkar dutse. Mukan ɗauko shi daga rami a buhu, a farfasa, a kai injin niƙa irin na hatsi, wani ma a daka a turmin gida, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba mu san dutsen yana ɗauke da dalma mai yawa ba. A 2010 yara suka soma amai da zazzaɓi da jijjiga, suna mutuwa a Dareta da Abare da 'Yargalma da sauran ƙauyuka, wasu na cewa shawara ce, wasu na cewa iska. Sai a watan Maris na shekarar likitocin ƙungiyar MSF suka lura, bincike ya nuna gubar dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu a jihar. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai tun 2010 zuwa 2011, amma Bagega da ta fi su girma sai da ta jira har 2013, bayan an yi ta kiraye-kiraye kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin. Likitoci sun ce ba amfanin ba yaro magani ya koma ya ci gaba da wasa cikin ƙasar da ta sa masa ciwon, don haka maganin ma sai da ya jira. Ina tsaye aka kankare ƙasar tsakar gidana aka zuba sabuwa.

Ɗanmu na biyu bai ga wannan rana ba. Yana da shekara biyu ya tafi, a daminar 2010. Ni na ɗauko dutsen, ita ta daka. Ba mu taɓa zama mun faɗa wa juna haka ba, amma kowa ya sani. Yayarsa ta rayu, ta sha maganin, sai dai har yau karatu yana yi mata nauyi, abin da aka koya mata da safe kafin yamma ya gudu. Dalilin da ya sa na bar rami ke nan na tara kuɗin mota. Ina ganin na yi hannun riga da dalma, ashe gudu na yi ban tsira ba, na ɗauke ta na sa a ƙarƙashin matashina.

Kada ka ce ban taɓa jin ana cewa akwai dalma a batir ba. Na ji, dattijon nan ma ya sha faɗa. Amma wallahi zuciyata ba ta taɓa haɗa dalmar batir da dalmar da ta ci yaranmu ba, sai ka ce suna ne kawai ya zo ɗaya. Daren nan na fitar da batirin na mayar cikin mota na kulle, uwargida ta kankare ƙasar gindin bangon da fartanya, kamar yadda ta ga ma'aikata sun yi shekara goma da suka wuce.

Da na koma Gusau na tarar dattijon ya tsufa ƙwarai, ɗansa ne a kan aikin, yaro mai ilimin boko. Shi ya ƙara buɗe mini ido. Ya ce kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin batir dalma ce, wato nawa mai kilo 30 yana ɗauke da wajen kilo 18. Ya ce wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro irin wannan batir tun 1859, kuma yau fiye da kashi uku cikin huɗu na dalmar da duniya ke amfani da ita a batir take ƙarewa. Ya kuma ba ni labarin da ya sa jikina ya yi sanyi: a wata unguwa mai suna Thiaroye-sur-Mer a gefen Dakar ta ƙasar Senegal, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. Su ba ramin zinariya gare su ba. Tsofaffin batura ake fasawa a unguwar, mata suna tankaɗe ƙasar wurin a gida don su tsinci dalma su sayar. Shekara biyu kafin namu, ciwo iri ɗaya, kuka iri ɗaya.

Amma ya yi mini adalci. Ya ce, "Baba, batir in yana rufe bai fashe ba, dalmarsa ba ta fitowa ta kama mutum. Kwanan da ka yi a kansa ba shi ne abin tsoro ba, in ma akwai abin tsoro to iskar da mai ruwa yake fitarwa lokacin caji ce, wadda ke kamawa da wuta. Haɗarin yana wurin garin da ke kan sandunansa, da ranar da aka fasa shi." Na ce na ji, amma je ka gaya wa uwar da ta binne ɗa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Muka zauna lissafi, abin da ban taɓa yi ba a saye biyun farko. Ya ce kafin a tambayi kuɗin batir, a fara tambayar cikin da za a ciyar. Wayoyi arba'in, ƙanana da manya, a ƙaddara kowace tana shan wat 10, ya zama 400. Fanka mai wat 15 ta yi awa takwas, 120. Ƙwai biyu masu wat 5 na awa biyar, 50. Jimla 570, a raba da bolt 12, ya kama kusan amfiya 48 a yini. Ka ga ashe tsohon batirina kullum a bakin iyakarsa yake aiki, ranar da hadari ya rufe kuwa sai ya ci daga rabin ransa. Ko ba a yi rufin 2021 ba, da ma ba zai yi tsawon rai ba. In dalma zan sake saye, sai mai amfiya 200.

Na zaga shaguna. Aka nuna mini dogon nan mai ruwa da ake sa wa inbata a gidaje, yana da ƙarko, amma ya kai kilo 60, ga tsawo, ga ruwan asid da zai riƙa tangaɗi a hanyar Anka zuwa Bagega, wadda ko tulu ka ɗauko sai ka isa da rabi. Aka nuna mini busasshe wanda ba a ƙara masa ruwa, shi ya fi dacewa da mota, amma zafi na saurin kashe shi, kuma shi ma dalma ce. A wani shago na ga mai lamba 200 da araha ta ban mamaki, na sa hannu na ɗaga shi sama kamar jakar tufafi. Nan karatun ɗan gwangwan ya yi mini rana: in dalma ce ke riƙe wuta, batirin da ba nauyi ba wuta, komai kyan takardar da aka manna masa. Mai shagon yana ta rantsuwa, na ce Allah ya ba da kasuwa. A wani wurin kuma na ga mai kyau amma tarihin da aka buga a jikinsa ya nuna ya haura shekara a ajiye, wato ya sha irin yunwar da ta kashe nawa tun bai bar kanti ba.

Sai na ƙarshe, wanda ake kira litiyam, irin da ake rubuta wa LiFePO4. Mai amfiya 100 bai fi kilo 12 ba. Ba dalma, ba ruwa, ba iskar da ke tashi. Ana iya cin 80 ko fiye daga cikin 100 ɗinsa ba tare da an cutar da shi ba, kuma inda na dalma yake yin cika da saukewa 'yan ɗaruruwa, shi yana haura dubu biyu. Da aka faɗi kuɗinsa sai da na nemi wurin zama. Abin da ke aljihuna bai kai ba, ko kusa.

Na koma gida na shimfiɗa wa uwargida komai, har da maganar yaron nan cewa rufaffen batir ba ya cutarwa. Na ce hankali ya nuna in sayi busasshen, in yi masa akwati mai kulle, in ya mutu in kai shi nesa. Ta ce, "In ya mutu. To ai zai mutu, ko? Kuma ɗiyan wasu na can inda za a fasa shi." Washegari ta sa aka ja awakinta biyu zuwa kasuwa, ta haɗa da zubin adashinta ta aza mini a kan tabarma. Na ce rance ne. Ta ce in kira shi duk abin da na ga dama.

Ko da na je saye ban yarda da takarda ba, domin litiyam ma akwai na jabu, wanda ake cusa wa tsofaffin ƙwayoyi a sabon kwali, kuma shi nauyi ba ya tona masa asiri sosai. Na ce da mai shago a cika shi, a haɗa masa ƙwan fitilar mota biyu masu wat 55, waɗanda tare suke jan wajen amfiya 9. In da gaske 100 ne, ya kamata ya riƙe su kusan awa goma sha ɗaya. Ya ce bai taɓa ganin mai saye irina ba. Na ce ni ma ban taɓa sayen abu da kuɗin awakin matata ba. Muka kunna da ƙarfe bakwai na safe, na kafa benci na zauna, na yi azahar da la'asar a wurin, ina kallon ƙwai biyu kamar mai gadin jariri. Sai da shida ta kusa suka ɗauke. Na ƙirga kuɗi na ba shi.

Na ɗauka wahala ta ƙare, ashe saura caji. Na mayar da shi kan tsohon haɗin da ke tsakanin batirin ɗaki da na inji, na kama hanya. Ban yi nisa ba na ji ƙauri. Na tsaya na duba, altaneta ta yi zafin da ba a iya taɓa ta. Riwayan da na kai wa ya ce litiyam ba shi da kunya wajen ci: na dalma yana karɓar wuta da kaɗan-kaɗan, shi kuwa duk abin da altaneta ta iya bayarwa zai zuƙe, har ta ƙone, musamman in mota na tafiya a hankali ba iskar da za ta sanyaya ta. Dole aka sa wata 'yar na'ura a tsakani mai taƙaita wutar zuwa amfiya 20, aka ƙara fiyus a kusa da kan batirin. Kuɗin da ban sa a lissafi ba ke nan. Ita ma kwantirolar sola sai da aka juya ta zuwa tsarin litiyam, domin a tsarin batir mai ruwa takan ɗaga wuta sama lokaci-lokaci don ta motsa ruwan, shi kuwa wannan ba ya son a wuce masa 14.6. Akwai wani ɗan allo a cikinsa mai tsaron lafiyarsa, da ya ga an wuce gona da iri sai ya yanke wuta gaba ɗaya, ka yi zaton ya mutu.

Har mitata sai da ta zama baƙuwa. Shekara bakwai ina karanta 12.7 da 12.2 kamar fatiha, yanzu sai ta tsaya a 13.2 tun safe har dare, ko ya kusa cika ko ya kusa ƙarewa, sa'an nan farat ɗaya ta faɗi. Sai da na sayi wata mai ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita. Halinsu ma ya saɓa: na dalma in za ka ajiye shi sai a cike, wannan kuwa ya fi son a ajiye shi a rabi. Abin da suka yi tarayya a kai ƙin zafi. A watan Afrilu cikin mota yakan zama tanda, don haka na huda akwatin ta gefe biyu, ina neman inuwa in faka jikin motar, faifan kuma in sauke shi da doguwar waya in jingine a rana. Da hunturu kullum sai na goge masa ƙura, in ba haka ba rabin wutar ta tafi. Faifaina mai wat 200 ne, in rana ta yi kyau kafin la'asar ya mayar da abin da aka ci jiya.

Wani abokina da ya je neman kuɗi jihar Nasarawa ya ga batirin ya yi dariya. Ya ce dutsen da ake yin sa suke haƙa a can, da hannu da diga kamar yadda muka yi namu, kuma ya ga yara ƙanana a bakin ramukan suna tsintar dutse. Wannan magana ban kai ta gida ba.

Tsohon batirin kuwa ban sayar wa ɗan gwangwan ba, ko da yake ya dawo har sau biyu ya ƙara kuɗi. Na naɗe shi da buhu, na toshe murafansa, na kai shi Gusau wurin dilan da ke tara su a rufe yana lodawa zuwa masana'anta. Abin da ya ba ni bai kai tayin yaron ba. Na tsaya har na ga an ɗora shi a kan 'yan'uwansa ba a fasa ba, sa'an nan na nemi ruwa da sabulu.

Ranar da na dawo Bagega da sabon, uwargida ta fito har ƙofar gida, abin da ba ta saba ba. Na buɗe akwatin na nuna mata, na ce ta ɗaga ta ji. Ta ɗaga da hannu ɗaya. Ta yi shiru, sa'an nan ta zagaya gaban motar ta ce, "To shi wanda ka tashin injin fa? Mi ad cikinai?"

Na ce dalma ce.

Ta ce, "Ina yake?" Na ɗaga murfin da ke ƙarƙashin kujera na nuna mata. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce in sa masa kwaɗo, in kuma riƙa faka motar a waje, can gindin dalbejiya, kada ta ƙara shiga zaure. Tun daga ranar akwai buta da sabulu a bakin ƙofarmu, duk dawowar da na yi sai na wanke hannu har gwiwa kafin autan ya taɓa ni. Kuɗin akuya ɗaya na biya, saura ɗaya.